Yadda ake ɗora CoreELEC a akwatin kallo na Android ba tare da an kashe shi ba

Akwatunan nan baƙaƙe da ake haɗawa da talabijin, irin su X96, TX3, H96, T95 da MXQ, sun cika kasuwa tun daga Alaba a Legas har shagunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano. Mutum ya saya da murna, bayan wata uku ya fara tsaki: akwati ya yi nauyi, talla na faɗowa ba gaira ba dalili, fim na sarƙewa, sabuntawa kuwa babu ita har abada, domin kamfanin da ya ƙera shi ya manta da shi tun ranar da ya fita daga masana'anta. Da yawansu suna can bayan talabijin sun sha ƙura.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙarfen da ke ciki ba shi da laifi. Matsalar tana kan Android ɗin da aka ƙaƙaba masa. Wani lokacin ma abin ya wuce nauyi. A farkon 2023 wani mai bincike, Daniel Milisic, ya nuna cewa akwatin T95 mai ɗauke da cif ɗin Allwinner H616, wato ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da akwatin, yana zuwa da muguwar manhaja tun daga kwalinsa. A ƙarshen wannan shekarar kamfanin tsaro na Human Security ya fallasa gungun da aka sa wa suna BADBOX. A Disambar 2024 hukumar tsaron intanet ta Jamus ta katse hanyar na'urori kusan 30,000 da suka kamu, a 2025 kuma hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan zagaye na biyu na wannan cuta. Irin wannan akwati yana cin datarka yana danna tallace-tallace a ɓoye, kai kuwa kana zagin kamfanin layi.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne CoreELEC. Ƙaramin tsarin Linux ne wanda ba shi da aiki sai tayar da Kodi, manhajar kallo da sauraro ta kyauta wadda kowa ke iya duba yadda aka rubuta ta. Kodi ta samo asali ne daga na'urar wasan Xbox ta farko, an daɗe ana kiranta XBMC kafin a sauya mata suna a 2014. CoreELEC kuwa ya ɓalle ne daga LibreELEC, wani tsarin Linux mai irin wannan aiki, a 2018 domin ya mai da hankali kan cif ɗin kamfanin Amlogic kaɗai. Daɗin abin shi ne za ka iya tayar da shi daga katin memori, Android na nan a cikin akwatin ba ka taɓa shi ba. Ka zare kati, akwati ya koma Android ɗinsa. Duk wannan jagora a kan wannan hanya aka gina ta.

Da farko: san abin da ke cikin akwatinka

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Sunan da ke jikin roba ba ya gaya maka komai. Akwati biyu masu suna ɗaya, kwali ɗaya, rimot ɗaya, za ka iya buɗe su ka tarar ɗaya Amlogic ne, ɗayan Rockchip. MXQ Pro ya fi kowa wannan hali. Ni kaina na taɓa ɓata yini guda ina danna maɓallin sake tayarwa a wani akwati da mai shago ya rantse mini Amlogic ne, sai da na kwance shi da yamma na ga Rockchip a rubuce ƙarara a jikin cif. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma abin da ke kan kwali ya karanta.

Ka kunna akwatin a Android ɗinsa, ka sa masa CPU-Z ko AIDA64 ko Device Info HW. Abu uku kake nema: sunan cif, girman RAM, da sunan allon ciki. Sunan allon yana taimakawa ƙwarai, domin sau da yawa shi ne ke tona asiri. Idan ka ga p212, S905X ne. Idan p281 ne, S905W. Idan u212 ne, S905X2. Wanda ya saba da rubuta umarni zai iya sa manhajar taminal ya rubuta:

cat /proc/device-tree/amlogic-dt-id

A akwatin Amlogic wannan yakan fito da sunan iyalin cif da girman RAM a layi ɗaya.

Sai dai kada ka saki jiki da manhaja ɗari bisa ɗari. Akwai masana'antun da ke gyara Android ɗin ya riƙa faɗin ƙarya, ya ce RAM giga 4 ne alhali giga 1 ne, ya ce ma'ajiya giga 64 ce alhali 8 ce. Idan farashin ya yi araha fiye da hankali, to ka zarge shi. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce buɗe akwatin. Yawanci sukurori huɗu ne a ƙarƙashin robobin ƙafa, wasu kuma maƙale suke sai an sa tsohon katin ATM an ɓamɓare a hankali. Idan an manna wa cif ƙarfen sanyaya, kada ka tsaya ɓamɓararsa da ƙarfi. Duba rubutun da ke jikin allon, ka kuma ɗauki hoton ƙananan cif-cif ɗin RAM da na Wi-Fi. Lambobin da ke jikinsu, in ka bincika a intanet, za su gaya maka ainihin girmansu. Ajiye hoton, za ka bukace shi gaba.

To idan ba Amlogic ba ne fa? CoreELEC ba naka ba ne. Masu Rockchip RK3228, RK3229 da RK3318 suna da hanya ta Armbian, wani tsarin Linux na ƙananan na'urori, da wata manhaja ta musamman da ake rubutawa a kati mai suna Multitool, amma aiki ne daban. Masu Allwinner H313 da H616 sun fi kowa shan wahala, kuma ba zan ba sabon shiga shawarar ya fara da su ba.

Akwai kuma akwatunan da aka kulle da gaske. Kalmar kulle tana da hawa biyu. Yawancin akwatunan kasuwa kullensu na jeka-na-yi-ka ne: ba a ba ka hanyar sauya tsari ba, amma ƙofar baya a buɗe take. Na manyan kamfanoni kuwa, irin su Fire TV Stick na Amazon, Roku, Apple TV na zamani, Chromecast da Mi Box S, cif ɗin kansa ne ke duba sa hannun kamfani kafin ya yarda ya tashi. In ka ba shi wani tsari sai ya yi kunnen uwar shegu. An taɓa samun kafa a wasu tsofaffin Fire TV Stick da rukunin farko na Chromecast mai Google TV, amma kamfanonin sun toshe ta a na baya. Zan dawo kan abin da mai irin wannan zai iya yi. Dikodar DStv, GOtv da StarTimes kuwa ba sa cikin wannan magana sam. Wani abu ne daban, kuma yunƙurin buɗe tashoshin kuɗi ba tare da biya ba laifi ne a doka.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Katin memori ƙarami na giga 8 zuwa 32, kwamfuta mai ramin kati ko abin karanta kati na USB, tsinken sakace na itace, da kibod ko linzamin kwamfuta na USB don ranar farko. In akwai wayar intanet ta LAN da rauta, ya fi.

Maganar kati tana bukatar ɗan tsayawa. Jabun katunan memori sun yi yawa a kasuwa, kuma jabu yana iya ɗaukar waƙoƙi a waya ba ka gane ba, amma tsarin aiki da ke rubutu da karatu kowane daƙiƙa zai tona shi cikin mako guda. Ka gwada shi da H2testw a Windows kafin komai. Manhajar za ta cika katin da bayanai ta sake karanta su. In ta ce akwai kuskure, mayar da shi shago. Filashi ma yana aiki, sai dai wasu akwatunan ba sa tashi daga kowane ramin USB, kati ya fi sauƙin sha'ani.

Sauke hoton tsarin da rubuta shi

Ka shiga shafin CoreELEC na asali, coreelec.org, ba wani wuri da aka ce an gyara an ƙara tashoshi ba. A wurin saukewa za a tambaye ka ko sabon sawa ne, sai ka zaɓi na'ura. In akwatinka ba ya cikin jerin sunaye, ka zaɓi cif ɗinka da girman RAM a rukunin akwatunan gama-gari. Shafin zai ba ka fayil mai ƙarewa da img.gz, wanda shi ne ake kira hoton tsarin, ya kuma nuna maka sunan fayil ɗin dtb da ya dace da kai, wato taswirar kayan cikin akwatinka. Rubuta sunan nan a takarda.

Za ka lura hotunan iri-iri ne. Mai suna Amlogic-ng shi ne na S905X, S905W, S905X2, S905X3 da S922X. Sababbin cif irin S905W2 da S905Y4 suna da nasu reshen. Tsofaffi sosai, wato S905 na farko da S912, CoreELEC ya daina yi musu sabo. Masu su sai su duba LibreELEC. Kada ka yi wayo ka ɗauki na wani cif don ka ga ya fi sabunta. Ba zai tashi ba.

Ka sa kati a kwamfuta, ka buɗe balenaEtcher ko Rufus, ka zaɓi fayil ɗin yadda yake ba sai ka warware shi ba, ka zaɓi katin. Dubi girman abin da ka zaɓa sau biyu kafin ka danna, domin duk abin da ke kansa zai tafi, kuma an sha ganin wanda ya goge faifan ajiyarsa na hotunan biki a wannan mataki. Idan rubutu ya kammala, zare katin ka sake sawa. Windows zai iya fito maka da saƙo cewa akwai ɓangaren da ke bukatar a yi masa fomat. Ka ƙi. Wannan ɓangaren Linux ne wanda Windows bai iya karantawa ba.

Fayil ɗin dtb, zuciyar aikin

Kwamfuta ta tebur tana iya gane kayan da ke jikinta da kanta. Waɗannan ƙananan akwatuna ba sa iyawa. Sai an ba su taswira da ke cewa RAM kaza ne, ramin LAN yana nan, Wi-Fi yana can, idon rimot yana kan ƙafa kaza. Wannan taswira ita ce fayil ɗin dtb.

Buɗe ɓangaren katin mai suna COREELEC. Za ka ga folda mai suna device_trees cike da fayiloli. Sunayensu suna da tsari: iyalin cif, sai cif ko allo, sai girman RAM, wani lokaci sai saurin LAN. Misali gxl_p212_2g na S905X ne mai giga 2, gxl_p281_1g na S905W ne mai giga 1, sm1_s905x3_4g_1gbit na S905X3 ne mai giga 4 da LAN mai saurin gigabit. Ka kwafi wanda ya dace, ka fito da shi daga foldar ka ajiye a farkon katin, sannan ka sauya masa suna zuwa dtb.img daidai, da ƙananan haruffa.

Ga tarkon da ke kama mutane: Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil. Sai ka ga kamar ka rubuta dtb.img alhali ainihin sunan ya zama dtb.img.dtb. Ka kunna nuna ƙarshen suna a saitin folda kafin ka sauya. Kuma kwafa za ka yi, ba yankewa ba, don na asali ya zauna a wurinsa.

Idan ka zaɓi dtb da bai dace ba, babu abin da zai lalace. Ko dai akwati ya tsaya a tambarin farko, ko ya tashi amma LAN ya ƙi aiki, ko ya nuna rabin RAM. Sai ka mayar da kati kwamfuta ka gwada na kusa da shi. X96 Max+ kaɗai yana da allon ciki kala-kala da suna ɗaya, don haka gwaji biyu ko uku ba abin kunya ba ne.

Tashin farko da tsinken sakace

Zare wutar akwatin gaba ɗaya daga soket, ba kashewa da rimot ba. Sa katin. Haɗa HDMI da kibod. Yanzu leƙa cikin ramin da aka rubuta AV, wanda ya yi kama da na iyafis. A can ƙuryarsa akwai ɗan maɓalli. Zura tsinken sakace a hankali har ka ji ya yi ƙas. Wasu akwatunan nasu maɓallin yana cikin wani ɗan rami a ƙasa ko a gefe. Da itace za ka yi, ba allura ko fil ba, don kada ka haɗa wayoyin ciki.

Kana riƙe da maɓallin a danne, ka sa wuta. Kada ka saki sai ka ga tambarin CoreELEC. Yakan ɗauki daƙiƙa biyar zuwa goma sha biyar. Abin da ke faruwa shi ne maɓallin yana sa manhajar tayarwa ta akwatin ta nemi wani ɗan fayil mai suna aml_autoscript a kan kati, shi kuma ya koya mata cewa daga yau ta fara duba kati da USB kafin ta koma Android. Shi ya sa sau ɗaya kawai ake wannan wahala. Daga nan, in kati na ciki CoreELEC ne zai tashi, in babu Android.

In ka tsinci kanka a wani baƙin allo mai rubutun Android Recovery, ma'ana maɓallin ya yi aiki amma akwati bai karanta katin ba. Gwada wani kati, ko filashi a kowane rami ɗaya bayan ɗaya. In kuma akwatinka ba shi da maɓalli ko ya karye, akwai wata hanya: ka tashi a Android da katin a ciki, ka buɗe taminal ka rubuta reboot update. Wanda ya iya ADB, hanyar aika wa Android umarni daga kwamfuta, zai iya aika adb reboot update daga kwamfuta.

A tashin farko tsarin zai faɗaɗa ɓangaren ajiya ya cika katin, sannan ya sake tayar da kansa. Kada ka taɓa komai, kuma kada ka yi wannan mataki a lokacin da ka san ana iya ɗauke wuta. Yawancin waɗannan akwatuna bolt 5 suke ci, don haka fawa-bank mai kyau da wayar da ke da kan da ya dace yana riƙe su. Duba rubutun cajar tukuna, domin akwai masu bolt 12.

Saitin farko

Za a tarbe ka da 'yan tambayoyi: harshe, sunan na'ura, hanyar intanet, sai kunna SSH da Samba. Kunna duka biyun. Samba zai ba ka damar ganin akwatin daga kwamfuta kamar folda, ka jefa fim ko karatu kai tsaye. SSH kuma ƙofar gyara ce. Sunan shiga root ne, kalmar sirrin da ya zo da ita coreelec ce, kuma duk duniya ta san haka, don haka sauya ta nan take a saitin CoreELEC.

Idan Wi-Fi bai fito ba, hoton da ka ɗauka na ƙaramin cif zai yi amfani. Wasu akwatuna masu araha suna zuwa da cif ɗin Wi-Fi da babu direbansa a Linux, kuma babu dabarar da za ta sa shi aiki. Kada ka ɓata dare a kai. Wayar LAN ko ɗan Wi-Fi na USB shi ne mafita.

Rimot shi ne abu na biyu da ke ba da ciwon kai. Kafin ka wahala, gwada rimot ɗin talabijin ɗinka. Yawancin talabijin na zamani suna aika umarni ta wayar HDMI, tsarin da ake kira CEC. Samsung na kiransa Anynet+, LG na kiransa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. In ka kunna shi a talabijin, Kodi yakan amsa ba tare da wani saiti ba. In kana son rimot ɗin akwatin, kana bukatar fayil mai suna remote.conf na irin akwatinka, ka ajiye shi a farkon katin kusa da dtb.img. Akwai tarin su da masu amfani suka tattara. Hanya ta uku, wadda ni na fi so, ita ce waya: sa Kore, manhajar rimot ta Kodi, sannan a cikin Settings, Services, Control ka kunna ba da izinin sarrafawa ta HTTP. Rubuta sunan fim da kibod ɗin waya ya fi bin haruffa ɗaya-ɗaya da kibiya.

Saiti biyu na hoto sun cancanci a taɓa su. A ƙasan shafin saiti ka mayar da mataki zuwa Expert. Sai ka shiga Player, Videos, ka sa Adjust display refresh rate a kan On start/stop. Wannan yana sa talabijin ya bi saurin fim ɗin, sai ɗan tsalle-tsallen da ake gani idan kyamara na juyawa ya ɓace. Na biyu, in talabijin ɗinka 4K ne, bar fuskar Kodi a 1080p, ka zaɓi sauran girman hoto a Whitelist. Fim ɗin 4K zai buɗe da cikakken girmansa, menu kuma ya yi sauri.

Abin da za ka samu da abin da za ka rasa

Ga wanda data ke yi wa tsada, babbar riba ita ce akwatin ba ya bukatar intanet don ya yi aiki. Haɗa masa faifan ajiya na USB mai ɗauke da finafinai, tafsirin azumi, karatun Alƙur'ani, darussan yara, ka nuna wa Kodi foldar, shi ke nan. Akwatin da ke sarƙewa a Android za ka ga yana buɗe fim mai tsarin matsi na H.265 sumul, domin cif ɗin yana da sashen da aka gina musamman don wannan aiki, kuma yanzu babu tarkacen da ke cinye RAM a bayan fage. S905X3 yana ɗaukar 4K cikin sauƙi. S905X4 ya ƙara da AV1, wani sabon tsarin matse bidiyo. In faifan babba ne mai juyawa, zai iya fin ƙarfin ramin USB na akwatin, sai ka ji yana ƙas-ƙas yana ɗaukewa. Caja mai amfiya 2 ta gaske ko mahaɗin USB mai wutarsa yana magance wannan.

Abin da za ka rasa shi ma a faɗe shi. Manhajojin Android ba sa aiki a nan. Netflix da makamantansa ba za su ba ka hoto mai kaifi ba, saboda suna neman shaidar kariya da akwatunan kasuwa ba su da ita ko a Android ɗin ma. YouTube yana aiki ta ƙarin manhaja, amma sai ka buɗe mabuɗan API, wato lambobin izinin shiga, na kanka a asusun Google, aikin kusan rabin awa. Tashoshin da masu su suka sake kyauta a intanet ana kallonsu ta PVR IPTV Simple Client. Ina ba da shawarar a tsaya kan rumbun ƙarin manhajoji na Kodi da na CoreELEC. Waɗancan tarkacen da ake tallatawa da sunan duk finafinan duniya kyauta, ban da matsalar haƙƙin mallaka, su ne hanyar da za ka dawo da irin cutar da ka gudu daga gare ta.

Zafi ma abin lura ne. A watan Maris da Afrilu, akwatin roba da ke kan dikoda a cikin kabad yana iya kai zafin da cif zai rage gudu da kansa. Kodi yana nuna zafin a System information. In kana ganin ya haura digiri 80, ɗaga akwatin daga inda yake, ka sa masa ƙafafu, ko ka huda murfin.

Maganar ɗora shi a cikin akwatin

Bayan mako biyu komai na tafiya daidai, zuciya za ta fara raya maka ka goge Android ka mayar da CoreELEC ciki. Akwai umarnin yin haka, ceemmc, wanda ake bugawa ta SSH. A akwatunan gama-gari sai an ƙara masa -x, kuma masu CoreELEC sun faɗa a fili cewa in ya lalace ba ruwansu. Yana ba da zaɓin zama tare da Android ko share shi gaba ɗaya.

Ra'ayina shi ne mafi yawan mutane ba sa bukatar wannan. Ribar ɗan saurin tashi ce kawai da samun ramin kati. Hasarar kuwa, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, ko ma'ajiyar ciki ta kasance mai rauni, akwati zai zama dutse. Farfaɗo da shi sai da Amlogic USB Burning Tool a Windows, da wayar USB mai kai namiji a duka ɓangarorin, da kuma ainihin fayil ɗin Android na wannan allon, ba na mai kama da shi ba. Wani lokacin har sai an buɗe an haɗa ƙafafu biyu na cif ɗin ajiya kafin kwamfuta ta gan shi. In ka nace sai ka yi, to ka fara samo wannan fayil ka ajiye, ka yi ajiyar saitinka ta Backup a saitin CoreELEC ka kwafe shi waje, ka kuma jona akwatin a inbata ko fawa-bank.

Akwai hujja ɗaya da nake karɓa: akwatin da ka tabbatar Android ɗinsa na ɗauke da muguwar manhaja, kuma akwai yara a gida da za su iya zare kati. Ko a nan ma, ɗan salatif a bakin ramin kati ya fi arha.

Kati na biyu, akwati na biyu

Tunda tsarin a kati yake zaune, akwati ɗaya na iya zama abubuwa da yawa. EmuELEC, wanda aka gina a kan CoreELEC, yana mai da shi na'urar tsofaffin wasanni, kuma matakan iri ɗaya ne har da dtb.img. Armbian kuma yana mai da shi ƙaramar kwamfutar Linux da za ta iya zama ma'ajiyar fayiloli ta gida ko mai tace talla da Pi-hole. Sai dai a kula: yadda Armbian ke koya wa akwati tashi ya bambanta da na CoreELEC, kuma masu shi suna gargaɗin cewa akwatin da aka taɓa tayar da CoreELEC a kansa yana iya ƙin tashi da Armbian sai an sake ɗora masa Android na asali. In Armbian ne burinka, fara da shi tun farko.

Wanda nasa a kulle yake da gaske

Mai Fire TV Stick ba zai sauya tsarin ba, amma zai iya sa Kodi a kan wanda ke ciki. Ka shiga Settings, My Fire TV, About, ka danna sunan na'urar sau bakwai har Developer options ya bayyana. Sauke manhajar Downloader daga shagon Amazon, ka ba ta izinin sa manhajoji daga waje, sannan a cikinta ka rubuta kodi.tv/download, ka zaɓi Android, ka ɗauki na ARMV7A mai bit 32, domin shi ne ke tafiya da yawancin sandunan. Wannan hanya ba ta aiki a sabon Fire TV Stick 4K Select na 2025, wanda ya bar Android ya koma tsarin Amazon mai suna Vega. A Chromecast mai Google TV, Mi Box da Nvidia Shield abin ya fi sauƙi, Kodi na nan a Play Store. Roku kuwa babu ƙofa ko taga.

In za ka sayi akwati musamman don wannan aiki, je kasuwa da CPU-Z a filashi, ka roƙi mai shago ya jona maka shi a talabijin ɗin gwaji kafin ka biya. Nemi S905X3 ko S905X4 mai RAM giga 2 zuwa sama, mai ramin kati da ramin LAN, sannan ka zura tsinke a ramin AV ka tabbatar ka ji ƙas ɗin nan.